Shekarar da Baba Ya Zo Makarantarmu

Bana ma ruwa ya ɗauke bayan shuka. Gero ya fito ya yi kore shar, har mutane sun fara noman farko, sai sama ta washe ta tsaya a haka. Jiya da na taso daga makarantar da nake koyarwa a Gaya, na biyo hanyar Ajingi a kan babur, na ga ganye ya fara naɗewa a gonakin bakin titi, manoma kuma suna tsaye a gefe, hannu a baya, fartanya a jingine. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan tsayuwar. Ita ce ta mayar da ni shekarar da azumi ya faɗo mana a tsakiyar damina, lokacin ina aji biyar na sakandare a Ajingi, ina zuwa daga Toranke a kan keke.

Baba, Allah ya jiƙansa, manomi ne, ba shi da wata sana'a bayan noma. Mutum ne marar magana. Za ku wuni a gona da shi, abin da za ka ji daga bakinsa bai wuce ya ce ka miƙo masa ruwa ba. Yana da wata al'ada da ba ya fasawa: duk kaka, kafin a zuba dami a rumbu, sai ya ware na ƙaninsa, Baffa Sale, wanda yake ɗinki a Kano. A sussuke, a ɗura a buhu, shi da kansa zai kai bakin titi ya ɗora a mota. Kakar da ta gabaci wannan damina ba ta yi mana kyau ba, ruwa ya tsaya da wuri, dawa ba ta cika ba. Duk da haka buhun Baffa ya tafi Kano kamar kullum, mu kuma muka shiga bazara da rumbu rabi.

A wannan zangon ne Malama Rakiya, mai koyar da mu Hausa, ta zo da wani sabon abu. Kullum daga Gaya take zuwa a motar haya, da jaka a rataye. Ta gaji da insha'inmu. In ta ce a rubuta labarin ranar da ba za a manta ba, sai aji guda ya kawo mata labari ɗaya, wanda aka gada daga 'yan ajin gaba, sunan gari kawai ake canzawa. Wata safiya ta ciro kwamfutarta daga jaka ta ɗora a tebur, ta ce ta buɗe wa ajinmu shafi a intanet, ana ce masa bulog. Duk wanda ya yi rubutu mai kyau za ta sa shi a can da sunansa, kuma kowa a duniya zai iya karantawa. Sharaɗinta ɗaya ne: kada ka rubuta sai abin da idonka ya gani ko kunnenka ya ji a cikin makon.

Ba mu yarda ba, don yawancinmu ba mu taɓa taɓa kwamfuta ba. Makarantar ba ta da wuta, sai ta biya ta wajen mai cajin waya a kasuwa kafin ta shigo. Sabis kuwa ba a samu sai a gindin wata darbejiya da ke kusa da katanga. Can muke zagaye ta, ta soka wani ɗan abu kamar yatsa a gefen kwamfutar, mu zuba ido shafin yana buɗewa a hankali daga sama zuwa ƙasa, layi bayan layi. Ɗalibaina na yanzu suna rubutu a waya su tura kafin in juya baya, ba sa ma tsayawa su kalla. Mu kuwa ranar da muka ga sunan ɗan ajinmu ya bayyana a jikin gilashin nan, da baƙaƙe irin na littafi, babu wanda ya yi motsi.

Farkon abin da muka rubuta labarin ruwan farko ne da shuka. Malama ba ta karɓar magana a dunƙule. In ka ce an yi ruwa mai yawa, sai ta tambaye ka yawa kamar yaya, ya kai ina a ƙafarka, da ka tona ƙasa da yatsa laima ta tsaya a wace gaɓa. In ka ce mutane sun yi murna, ta ce wa ka gani, me ya yi. Haka muka fara kallon garuruwanmu kamar baƙi. Na fara lura da yadda Baba yake sara rami da sungumi ba ya ko duban ƙasa, mu kuma muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige.

Sai ruwa ya ɗauke, azumi kuma ya kama. Zafin damina in babu ruwa ba irin na bazara ba ne. Iska ba ta motsi, zufa ba ta bushewa, riga tana manne a baya tun hantsi. Kullum da la'asar hadari zai haɗu a gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙamshin ruwan da aka yi a wani wuri, mata su kwashe shanya da gudu, sai kuma ya watse ya bar mu da rana ja. Aka fita sallar roƙon ruwa a filin idi, manya da yara, riguna a juye. Aka dawo, sama tana nan yadda take. Geron da ya kai gwiwa ya koma launin toka, ƙananan kuwa suka kwanta. Baba yana zuwa gona kowace safiya duk da babu aikin yi, ya zagaya, ya dawo.

A cikin gida abubuwa suka riƙa raguwa ba tare da an yi maganarsu ba. Ƙosai ya fara ɓacewa daga buɗa-baki. Kunun tsamiya ya tsinke har kana ganin gindin ludayi. Sahur da muka saba yi da ɗumamen tuwo ya koma kunu shi ma. Ƙannena mata suna fita da kwando bayan gari su tsinko tafasa da rama, Inna ta dafa, ta matse, ta kwaɗa da ɗan ƙuli-ƙuli. Baba kuma ya koyi ƙoshi da wuri: ya ci loma kaɗan, ya ce alhamdu lillahi, ya tura kwanon wajen yara.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne turmi. Inna tana daka a lokacin da ta saba, kuma tana daɗewa kamar yadda ta saba, amma ƙarar ta canza. Turmin da yake cike yana amsawa a hankali, can ƙasa-ƙasa. Wannan kuwa ƙarar ice a kan ice ce. Wata rana na leƙa, na ga hatsin da ke ciki bai fi tafi biyu ba, ya riga ya daku tuntuni, amma tana ci gaba da sauke taɓarya. Na gane don maƙwabta take yi, kada a ji turmin gidanmu ya yi shiru da wuri.

Shi na rubuta a wannan makon. Na rubuta ƙarar, na rubuta hatsin, na rubuta yadda Baba yake tura kwano. Malama ta karanta a tsaye, ta daɗe ba ta ɗago ba. Ba ta gyara komai ba sai wata kalma da na maimaita. Ta ce in karanta wa aji. Na karanta har ƙarshe. Sai Buba, wani ɗan Gafasa da gidansu ke kiwo, wanda ba ya cika magana a aji, ya ce shanunsu sun daina ba da nono, amma kowace safiya mahaifiyarsa sai ta zuba ruwa a gora ta yi ta kaɗawa, don a ji. Wani ya ce a gidansu tukunyar ruwa ake ɗorawa a murhu don hayaƙi ya tashi a kan lokaci. Daga nan kowa ya kawo nasa. Muna zaune a benci ɗaya tun farkon azumi, kowa yana zaton gidansu ne kaɗai. Ban taɓa sanin rubutu yana iya buɗe bakin mutane haka ba.

Malama ta sa shi a shafin da sunana. Ni da ita babu wanda ya kawo a ransa cewa wani wanda ya san mu zai gani. Ashe ɗan Baffa Sale da ke karatu a Kano, wanda na taɓa ba shi adireshin shafin don alfahari, yana leƙawa. Ya karanta, ya je shago ya karanta wa mahaifinsa.

Ranar kasuwar Ajingi da yamma, sai ga Baffa a ƙofar gida, mai babur yana sauke buhun masara. Baba yana zaune a zaure. Suka gaisa, Baffa ya zauna a ƙasa kusa da tabarma.

Ya ce, "Yaya, ashe haka ake ciki, ba ka aiko ba?"

Baba ya tambaye shi wa ya faɗa masa. Baffa ya dube ni kawai. Baba ya yi masa godiya, ya sa aka shiga da buhun, ya raka shi har bakin hanya. Washegari aka yi tuwon masara, yara suka ci har suna lashe hannu. Baba bai taɓa ba, kunu ya sha ya tashi. Haka ya yi kwana da kwanaki. Bai yi mini faɗa ba, amma ya daina duban inda nake. Inna ce kawai ta yi magana, ita ma sau ɗaya, tana tankaɗe ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Turmina ka kai wa duniya." Ban iya gane ko fushi ne a muryarta ko wani abu ba.

Wata safiya muna cikin darasi na hango ta taga wani mutum yana jingine keke a gindin darbejiya, sanye da rigar da Baba yake zuwa Juma'a da ita. Baba ne. Tun da aka sa ni a makaranta bai taɓa taka ƙafarsa can ba. Malama ta fita, ta durƙusa ta gaishe shi, ta sa aka kawo benci. Da ta ji ko shi wane ne, ta ce ya yi haƙuri, laifin nata ne, kuma yanzu-yanzu za ta cire rubutun.

Ya ce, "Malama, ban zo a cire abin da ban ji ba. Wanda ya rubuta shi zai karanta mini."

Aka kira ni. Malama ta soka ɗan abin nan, muka jira shafin ya buɗe, Baba yana zaune hannunsa a kan gwiwa. 'Yan aji suka cika tagogi, daga baya suka sulalo waje ɗaya bayan ɗaya suka tsaya nesa kaɗan. Na fara karantawa. Da na zo wajen kwano na tsaya, sannan na ci gaba. Shi dai ƙasa yake kallo.

Da na kai ƙarshe, Malama ta ce akwai mutanen da suka yi magana a ƙarƙashin rubutun, ko yana so ya ji. Ya gyaɗa kai. Ni ma ban san da su ba. Wani ya rubuto daga Damagaram, ya ce su ma ruwan ya ɗauke musu, suna yi mana addu'a. Wani direba daga Kumasi ya ce ya karanta sai ya kira mahaifiyarsa a waya. Sai wata mata daga Sudan. Ta ce can aka haife ta, kakanninta mutanen ƙasar Kano ne da suka tafi aikin hajji a ƙafa suka zauna a hanya. Ta ce kakarta ta taɓa ba ta labarin irin wannan dakan, kuma tun da tsohuwar ta rasu ba ta ƙara jin Hausa mai kama da tata ba sai a wannan rubutun.

Baba ya ɗago. Ya tambaya ko Sudan ɗin da ake bi a je Makka ake nufi. Malama ta ce ita. Ya daɗe yana kallon kwamfutar, sannan ya kalli sama ta cikin rassan darbejiya, kamar yana neman hanyar da maganar ta bi.

Ya ce, "Abin da ya rubuta gaskiya ne, bai ƙara komai ba. Amma wannan ba yunwa ba ce, shi bai ga yunwa ba. Malama, abin nan naki yana ɗaukar maganar wanda bai yi boko ba?"

Ta ce yana ɗauka. Ta juyo da kwamfutar gabana, ta ce in rubuta duk abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi. Da yatsa biyu nake bugawa, shi kuma yana jira in kama shi kafin ya ci gaba.

Ya ba da labarin babban farin da aka yi yana yaro, bai kai shekarun da nake da su ba. Damina biyu a jere ba a girbe komai ba. Aka cinye iri, aka ci dusa. Shi da mahaifiyarsu suna fita da sassafe su tona gidan tururuwa, su kwashe ƙwayoyin da ta tara, su sheƙe ƙasar su dafa. Mahaifinsu ya tafi kudu neman abin da zai kawo, shiru bai dawo ba. Sale a lokacin bai daɗe da fara tafiya ba, sai ya daina tafiyar, ya koma zama, cikinsa ya kumbura. Mahaifiyarsu ba ta iya doguwar tafiya, ga ciki. Sai ta ɗaura masa Sale a baya da zanenta, ta ce ya kai shi wajen kawunsu, a wani ƙauye na bakin kogi can bayan Gaya, inda ake da rogo.

Ya ce da farko yaron yana ta kuka, yana jin kukan a tsakiyar bayansa. Da rana ta take sai kukan ya ragu, daga baya ya tsaya. Kan yaron ya faɗo a kafaɗarsa yana lilo.

"Na ce a raina ya mutu. Amma ban sauke shi ba. Tsoro nake ji in kwance zanen in gani. Sai na yi ta tafiya, ina yi masa magana."

A bakin wata rijiya wata Bafulatana ta tsayar da shi, ta kwance zanen da hannunta. Ta jiƙa bakin mayafinta da ɗan nonon da ya rage mata a ƙwarya, ta matsa a leɓen yaron. Baba ya ce ya tsaya yana kallon maƙogwaron Sale, bai san tsawon lokacin ba, har ya ga ya motsa. Ya ce a bakin rijiyar nan ya yi wa Allah alkawari, in dai yana numfashi, abinci daga hannunsa zai riƙa zuwa wajen yaron nan.

Malama ta ja mayafinta ta rufe fuska. Ni kuwa ina kallon mutumin da na tashi a gabansa, wanda nake zaton na san shi, ya yi magana a wannan hantsin fiye da duk wadda na ji daga bakinsa tun da aka haife ni. Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, ya ce a sa nasa a ƙarƙashin nawa, ba sai an sa suna ba. Ya yi wa Malama godiya, ya hau kekensa. Da aka sha ruwa a ranar, ya jawo kwanon tuwon masara ya ci.

Ruwan ya zo a goman ƙarshe, muna gona ni da shi da la'asar. Hadarin ya haɗu kamar kullum, ba mu ma kula shi ba. Sai iska ta tsaya cik, tsuntsaye suka yi shiru, muka ji wata ƙara tana tahowa daga gabas ta cikin gonaki kamar garken shanu. Ɗigon farko da ya faɗo mini a wuya ɗumi gare shi. Kafin mu kai gindin tsamiya ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ƙasa tana shanyewa tana huci, ƙamshinta ya cika ko'ina. Ba mu fake ba. Muka tsaya a tsakiyar gona ruwa yana kwarara a fuskarmu, mun damƙe baki gam saboda azumi, ga ƙishirwa kamar ta kashe mu. Na juya na ga Baba ma ya damƙe nasa, kafaɗunsa suna rawa, dariya yake yi.

Da gari ya waye, geron da muka cire rai da shi ya buɗe ganye ya miƙe, kamar ba shi ne jiya a kwance ba. Wanda ya mutu kuwa ya mutu, kuma lokacin sake shuka gero ya wuce. Sai aka yi gayya, gona bayan gona, ana cike guraben da wake. Gayyar azumi babu fura babu goro, babu mai ƙarfin yin waƙa. Sai ƙarar fartanya a jiƙaƙƙiyar ƙasa da numfashin mutane. Da magariba a haɗu a ƙofar gidan mai gonar a sha kunu a ƙwarya ɗaya.

A makaranta rubutu ya yi wa Malama yawa. 'Yan ajinmu suka koma gida suna tambayar iyayensu da kakanninsu, kowa ya dawo da labarin da bai taɓa ji ba. Buba ya kawo na kakansa, yadda suka kora shanu kudu suka dawo da sanda kaɗai. Har aka yi hutu ba ta gama sawa ba, ta tafi Gaya da takardu cike da jaka.

Ranar Sallah Baffa Sale ya zo da iyalinsa. An karanta masa labarin Baba ma. Bayan an sauko daga idi muna zaune a zaure, an kawo abinci, sai ya matso gaban Baba ya durƙusa, mutum mai furfura a gemu.

Ya ce, "Yaya, ashe goya ni ka yi har bakin kogi? Babu wanda ya taɓa faɗa mini."

Baba ya ce, "Ai ba ka da nauyi a lokacin."

Baffa ya sa hannun rigarsa ya rufe ido, ya daɗe a haka. Baba ya buɗe kwanon, ya tura gabansa.

Ya ce, "Sa hannu, Sale. Masararka ce."